Aikin gyaran ciki bayan haihuwa: yaya jinyar take?

'Yar'uwa, kin ce kin haifi huɗu, fatar cikinki ta saki, kina tambayar ko za ki iya komawa shagonki na Agege bayan mako ɗaya da yin aikin. A'a, mako ɗaya bai isa ba.

Aikin ba na rage ƙiba ba ne. Likita zai yanke fatar da ta yi yawa daga ƙugu zuwa ƙugu, ya ɗinke naman cikin da juna biyu ya raba. Shi ya sa ake son mace ta gama haihuwa tukuna.

Ni na yi jinyar ƙanwata bayan an yi mata wannan aikin. Kwanakin farko a sunkuye take tafiya kamar tsohuwa, da robar da ke zuƙe ruwa a gefenta, sallah ma a zaune. Ɗamarar roba da ake matse cikin da ita kuwa sai an yi makonni 4 zuwa 6 da ita, ga zafin Legas, haƙuri dai. Kada ki ɗauki jarka ko goyo sai bayan mako 6. Amma ki riƙa ɗan zagaya ɗaki tun washegari, saboda jini kan daskare a ƙafa. In ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take.

Don Allah ki guji masu talla a Instagram. Ki duba rajistar likitan a MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, ko ki fara zuwa LUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba. Ranar dawowa gida kuma, ban da shiga motar haya ta danfo.