Kaluluwar wuyan ɗana ta fashe, wata huɗu ta ƙi warkewa

Tambaya: Salam likita. Ɗana ɗan shekara 6 kaluluwa ta fito masa a wuya, ba ta masa zafi, daga baya ta fashe tana ta fitar da mugunya yau wata huɗu kenan, duk ya rame. A asibiti sun ce suna zargin tibi, to amma wallahi ko tari ba ya yi. Kakarsa ta ce daji ne kar a bari a yi masa allura. Na rasa na wa zan bi.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Zargin nasu yana kan hanya. Tarin fuka, wato tibi, ba a huhu kaɗai yake zama ba, in ya fita daga huhu a yara ya fi son kaluluwar wuya, ta nuna a hankali ta huda fata, bakin ciwon ya yi duhu, nan ya rufe can ya buɗe. Sunansa a likitance scrofuloderma. Za su zuƙi mugunyar a saka a na'urar gano tibi mai suna GeneXpert, ko a yanki 'yar tsoka a duba, a yi hoton ƙirji da gwajin HIV, kar wannan ya tayar miki da hankali, kowa ake yi wa. Ki kuma tuna ko akwai mai tsohon tari a gidan, don galibi daga wajen babba yaro ke ɗauka.

Maganar daji kuwa, wallahi ta ishe ni. Kusan kullum sai na ga yaron da aka ɓoye a ɗaki wata shida ana shafe-shafe, an kai shi wajen wanzami ya yi sakiya, mai kemis ya ɗura masa ampiclox da cipro, ita cipro ɗin ma lafar da ciwon take yi kaɗan ta rikita mana gwaji, sai wuya ya cika da ramuka ko cutar ta haura ƙwaƙwalwa sannan a kwaso shi a guje a ce likita a taimaka. Wai daji ba ya son allura! To wace allura ma? Maganin nan ƙwaya ce da ake narkarwa a ruwa, ki gaya wa Hajiya haka cikin ladabi, in ta ƙi ki zo da ita mu yi magana.

Idan gwaji ya tabbatar, yawanci maganin wata 6 ne: wata 2 magani kala huɗu, wata 4 rifampicin da isoniazid, gwargwadon nauyinsa, kuma kyauta ne a cibiyar DOTS, wato inda ake ba da maganin tibi. Fitsarinsa zai koma ja-ja, maganin ne. Ciwon zai bushe tun kafin a gama, kar ki yarda ki tsaya. In kika ga idonsa ya yi ɗorawa ko yana ta amai, ki mayar da shi ranar. Ki tafi da ƙannensa ma a duba su.