Me ya sa sunan Mu'azu ke hana fom ɗina aiki?

Tambaya: Malam, na haɗa wa Islamiyyar unguwarmu shafin rajistar ɗalibai da PHP (harshen rubuta manhajar yanar gizo) da MySQL (ma'ajiyar bayanai). Komai na tafiya daidai, sai dai duk lokacin da aka rubuta suna kamar Mu'azu ko Asma'u, shafin ya kawo kuskure ya ƙi adanawa. Wani abokina ya ce in riƙa goge alamar ' daga sunayen. Ya kake gani? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka taɓa sunayen yaran nan, Asma'u ba ta yi laifin komai ba. Ko ban ga aikinka ba, na san manna abin da aka rubuta a fom kake yi kai tsaye cikin umarnin SQL (harshen da ake ba MySQL umarni da shi), kamar haka: VALUES ('$suna'). Ita MySQL, da alamar ' take gane inda rubutu ya fara da inda ya ƙare. Da ta iso tsakiyar Mu'azu sai ta ɗauka suna ya ƙare a "Mu", ragowar kuma ta karanta shi a matsayin umarni.

Nan ne hankalina ya tashi. Ƙofar da Mu'azu ya tura bisa kuskure, ɓarawo zai tura ta da gangan. Ya rubuta ' OR '1'='1 a akwatin shiga, umarninka ya juye, ya samu hanya ba tare da sanin kalmar sirri ba. Wannan shi masana ke kira SQL injection. Ta irin wannan ɓaraka aka kutsa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya a 2015, aka taɓa bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Kai kuma lambobin wayar iyaye ke hannunka, amana ce.

Maganin layi biyu ne da PDO, wata hanyar da PHP ke magana da ma'ajiyar bayanai:

$u = $pdo->prepare("INSERT INTO dalibai (suna) VALUES (?)");
$u->execute([$suna]);

Alamar tambayar gurbi ce. Duk abin da ya faɗa cikinta rubutu ne zalla, ba zai taɓa zama umarni ba, kuma Mu'azu zai shiga da sunansa cikakke. Ka bi kowane umarni a shafin ka gyara, har na akwatin bincike, don shi aka fi mantawa.

Sai dai gurbin ba ya karɓar sunan tebur ko na ginshiƙi na ma'ajiyar bayanai. In kana barin malamai su zaɓi jera ɗalibai ta suna ko ta aji, rubuta zaɓuɓɓukan da ka yarda da su da hannunka, duk abin da ba ya cikinsu a ƙi shi. Kuma don Allah ka daina haɗa shafin da asusun root, wanda ke da iko a kan komai a MySQL. Buɗe masa nasa mai iyakantaccen izini.