Amsa kan kogin da ke cin gonaki a inda ya yi kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, na saurari muryarka, wai ko mu sake haɗa kuɗi a ƙara wa jinga buhunan yashi kafin damina. Ni dai abin da na gane kake nufi, ya za a yi kogin nan na Haɗeja ya daina cin gonakinmu na kwana. To jinga daban, wannan daban. Jinga maganin ambaliya ce, in ruwa ya tumbatsa. Ita kuwa gaɓa daga gindi ruwa yake ƙwaƙularta, ya yi mata kogo, a wayi gari ta rufta, da jingar da buhunan duka.

Ku je ku duba yanzu da ruwa ya ja. Ɓangarenmu shi ne bayan kwana, nan ruwa ya fi zurfi da gudu. Tsallake kuwa yashi yake tarawa, kachala ta hau kai ta matse hanya, duk ƙarfin ruwan ya dawo kanmu. Ai tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo a 1992, kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani irin na da, shi ya ba kachala gindin zama.

Saboda haka aikin a cikin ruwa yake. A cika ragar waya da dutse, a dasa a gindin gaɓa, a nutsa shi sosai, in ba haka ba ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Sannan a fitar da 'yan gajerun katangu na dutse su leƙa cikin ruwa, jefi-jefi. Tsakaninsu ruwa yakan lafa ya zubar da laka. A kwantar da gaɓar, a dasa jema, saiwarta tana nitsa ƙasa ta riƙe. Katangun nan, gajeru na ce fa! In aka yi dogo, mun tura wa mutanen tsallake bala'in, gobe mu tsinci kanmu gaban hakimi.

Amma wallahi duk aikin banza ne muddin tifofin nan suna ɗibar yashi a ƙasan kwanar. Shekara nawa ina faɗa? Aka ce wai ina hana yara neman abinci. Ramin da suka haƙa, kogi sai ya cike shi, kuma da ƙasar wa? Mangwaron gonar marigayi babanmu, wanda muka taso muna hutawa a ƙarƙashinsa, yau ina yake? Wanda ya karɓi kuɗin tifa ya san kansa, har sallama muke yi. To, bar wannan.

Kuɗin buhun nan a riƙe su tukuna. A je wa dagaci, a rubuta wa Hukumar raya kogunan Haɗeja-Jama'are su turo injiniya ya auna kwanar, don shi zai faɗi inda kowace katanga za ta zauna. Kuma kafin ruwan Yuli ya sauko, in ya sauko ba mai shiga.