Ɗana ya dawo gida, amma ya daina magana

Tambaya: Ɗana mai shekara 17 ya dawo Argungu daga gidan horar da kangararrun yara na Kaduna, amma ba ya magana da kowa, kuma tsofaffin abokansa sun fara zarya a ƙofar gidanmu. Me zan yi? Daga wata uwa a Jihar Kebbi.

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamakon aiki ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25, shi ya sa zugar abokai take saurin jan matashi, kuma shi ya sa gyaransa bai wuce lokaci ba. Shirun nan galibi kunya ce, saboda haka ki hana 'yan gida yi masa gori, ko da cikin wasa. Ku damƙa shi hannun mai sana'a, walda ko noman shinkafa a fadama, wanda zai biyo sawunsa duk safiyar da bai zo ba. Idan barci ko cin abinci ya gagare shi, ku kai shi asibiti.