Yadda Velux Ya Tashi Daga Ƙaramin Kamfani Zuwa Jagoran Masu Ƙera Tagar Rufi

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zanen gine-gine ne. Duk littafin da na buɗe a kan tagar da ake sakawa a rufin gida sai in ci karo da sunan Velux. Daga ina kamfanin ya faro, kuma me ya sa ya yi wa takwarorinsa nisa haka?

Amsa: Kamfanin ƙasar Denmark ne. Wani injiniyan gine-gine, Villum Kann Rasmussen, ya kafa shi a Copenhagen a 1941, lokacin ƙasar tana hannun sojojin Jamus. Da aikin rufin gilashi ya fara. A 1942 ya yi rajistar tagarsa ta rufi da sunan Velux, bayan an nemi ya samar da hasken rana ga azuzuwan da za a yi a ƙarƙashin rufin makaranta.

Gidajen arewacin Turai rufinsu a karkace yake sosai saboda ruwa da dusar ƙanƙara, don haka akwai sarari babba tsakanin silin da rufi. Da can duhu ne da sanyi a wurin, sai tarkace ake jibgewa. Tagogin rufin wancan zamani galibi ƙanana ne na ƙarfe, gilashi falle ɗaya, suna yoyo, kuma da sanyi ya kama sai gilashin ya yi gumi yana ɗiga. Rasmussen ya yi tasa da katako, ya lulluɓe bayanta da zinki, ya sa mata hanyar da gumin zai bi ya fita. Da yaƙi ya ƙare aka shiga ƙarancin muhalli, sai ga abin da zai mayar da ma'ajiyar tarkace ɗakin kwana ba tare da an ɗora ko bulo ɗaya ba. A ganina, ɗaki kamfanin yake sayarwa, tagar hanya ce kawai.

Ka lura da abu biyu idan ka samu tagar a gabanka. Hinjinta a tsakiya yake, ba a gefe ba. Kana jawo marikin sama sai ta juya a kan cibiyarta, har fuskar waje ta dawo ciki, mutum ya goge gilashin yana tsaye a ɗaki, ba ruwansa da hawa tsani. Na biyun shi ne ƙarfen da ke zagaye tagar yana haɗa ta da rufi. A mahaɗar nan yoyo ke farawa, kuma a da kowane kafinta da dabararsa yake toshe ta. Velux ya riƙa ƙera wannan ƙarfe a masana'anta, daidai awon tagar da irin rufin. Masu aikin rufi suka daina fargabar a sake kiransu gyara, su kuwa su ne ke ba mai gida shawarar abin da zai saya.

Faɗaɗar ta bi a hankali. Kamfanin ya shiga Jamus a 1952 ta hanyar haɗin gwiwa da wani mai masana'antar katako, Ernst Günter Albers, ya fitar da samfurin taga mai suna GGL a 1968, ya isa Amurka a 1975. A 2018 ya sayi kamfanoni uku masu ƙera tagogin rufi, wato Wasco na Amurka da JET da Vitral, don ya kama kasuwar manyan gine-gine irin su ma'aikatu da kantuna.

Akwai kuma batun mallaka, wanda ɗalibai kan tsallake. A 1971 Rasmussen ya kafa gidauniyar Villum, ya miƙa mata kaso mai yawa na hannun jarin. Ya rasu a 1993, amma har yau uwar kamfanin, VKR Holding, tana hannun gidauniyoyi da iyalinsa, ba a cinikin jarinta a kasuwar hannun jari. Wannan ya ba shi damar zuba kuɗi a gwaje-gwajen da sai an yi shekaru kafin su kawo riba, ba tare da masu jari sun tsaya masa a wuya ba.