Zan cire masan jirgina, ya zan toshe ramukan?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina Lagdo ne a Kamaru, na sayi tsohon jirgin fayiba da aka kawo daga Duwala, a ciki akwai masai mai famfon hannu ya daɗe da lalacewa sai wari kawai, ni kuma kifi zan riƙa ɗauka ina buƙatar wurin. In na cire na cusa katako da gam a ramukan ya isa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh cire masan ba wani aiki bane, ka kwance kusoshinsa ka yanke tsoffin tiyo ka zubar, yawancin warin ma a jikinsu yake. Abin tsoro ramuka biyun nan ne, ƙaramin mai jawo ruwa yawanci milimita 19, babban mai fitar da ƙazanta milimita 38, kuma duk a ƙarƙashin ruwa suke.

Dan Allah kar ka taɓa su jirgi yana kan ruwa, bawul ɗin (makunnin buɗe da rufe ramin) da ya shekara ba'a juya ba in ka kankare shi kaga yayi ja-ja to ƙarfen ya ruɓe, zai iya karyewa a hannunka ruwa ya shigo fiye da yadda zaka iya kwashewa. Ka jira rani, Maris ko Afrilu ruwan dam ya ja baya, ku ja jirgin tudu ya bushe sosai, sannan ka kwance notin ciki mai riƙe bakin bawul ɗin a jikin jirgin, in yaƙi ka yanke bakin ta waje.

Nan ne mutane ke gaggawa. Sai ka gurje kewayen ramin a karkace, faɗinsa ninki 12 na kaurin jikin jirgin, wato in kaurin milimita 8 ne kusan santimita 10 kenan kowane gefe, ka goge ƙurar tas, ka jera yadin fayiba da ifoksi (gam mai ƙarfi da ake damawa) ɗaya kan ɗaya ciki da waje har ya cike. Zafinmu na Afrilu yana wuce digiri 40, ifoksin zai daskare maka a kwano, dan haka ka dama kaɗan-kaɗan kuma kayi aikin bayan asuba. Silikon ɗin kasuwa kam kar ma ka sayo, baya riƙewa a ƙasan jirgi.

In dole ne ka ci gaba da fita kafin rani, ka bar bawul ɗin a rufe yadda yake, ka ɗaure katako mai tsini da igiya kusa dashi saboda ko-ta-kwana. Ranar da kuka mayar da jirgin ruwa ka tsaya a bakin gaɓa tukuna kana shafa wurin da busasshen tsumma kafin ka loda kaya.