Tambaya da Amsa: Wace bindiga ta dace da farautar gwankin Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Fagge ne a nan Kano, kuma na gaji farauta daga mahaifina, kodayake ban taɓa harbin abin da ya fi gada girma ba. Ƙanena da ke zaune a jihar Kolorado ta Amurka ya gayyace ni farautar dabbar da suke kira elk, ya ce in zaɓi tsakanin bindigarsa mai harsashi .30-06 da ta abokinsa .300 Winchester Magnum. Zuciyata ta fi karkata ga ta biyun saboda ta fi ƙarfi. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Dabbar nan zan riƙa kiranta gwankin Amurka domin mu fahimci juna, duk da cewa ba danginsa ba ce, tunda ƙahonta rassa gare shi kuma namijin yana zubar da shi kowace shekara. A girma dai ta kai gwankinmu har ta ɗara, domin namiji yakan wuce kilo 300, ga ƙashi mai kauri, ga juriya, har yakan yi tafiya mai nisa cikin tsaunuka da harsashi a jikinsa idan ba a same shi a makasa ba.

Dokar Kolorado ba ta yarda a harbe shi da harsashin da faɗinsa bai kai milimita 6 ba, kuma dole ya zama irin wanda kansa ke buɗewa idan ya shiga nama. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da hukuma ta amince da shi, amma gogaggun maharba kan wuce nan sosai. Bindigogin da ka ambata duka sun isa. Sojojin Amurka ne suka fara amfani da .30-06 a shekarar 1906, kuma tun daga lokacin ake kayar da wannan dabba da shi, musamman da harsashi mai nauyin giram 11 zuwa 12. Shi kuwa .300 Winchester Magnum ya fito a 1963, ya fi gudu, ya kuma fi riƙe ƙarfinsa a nesa.

Duk da haka ta ƙanenka zan ce ka ɗauka. Ƙarin albarushin da ke ba babbar ƙarfi shi ne ke sa ta naushi kafaɗa da tsananin ƙara, kuma wanda bai saba ba, bayan harbi biyu ko uku jikinsa kan fara zabura tun kafin ya ja kunamar, sai ya runtse ido, saiti ya goce ba tare da ya sani ba. Yawancin masu wannan matsala rantsuwa suke yi ba su da ita, sai an miƙa musu bindigar da ba harsashi an ga yadda bakinta ke dukan ƙasa. Harsashin da ya faɗa tumbi, komai ƙarfinsa, wahala kawai zai jawo wa dabbar da kai, alhali matsakaici da ya ratsa huhu biyu yakan kayar da ita cikin ɗan lokaci.

Makasar tana bayan kafaɗa. Ka jira dabbar ta ba ka haƙarƙari a tsaye, ka bi layin ƙafar gaba da ido zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙirji daga ƙasa, ka ɗan matsa baya kaɗan. Idan ta ɗan karkata tana barinka, ka auna inda harsashin zai fita ta kafaɗar da ke ɗaya gefen. Kada ka harbi kai ko wuya, domin wurin ƙarami ne kuma yana motsi, kuskure kaɗan sai ka karya muƙamuƙi ta tafi ta mutu da yunwa. Haka nan ka kyale wadda ke gudu, da wadda ta juya maka baya, da wadda wata ke tsaye a bayanta, da wadda ke kan tudu ba ka ga abin da zai tare harsashin ba.

Game da nisa, ka je wurin gwaji tun kafin ranar, ka kafa faranti irin na cin abinci, ka harba a durƙushe ko a kwance kamar yadda za ka yi a dawa. Nisan da kake samun farantin kowane karo shi ne iyakarka, kuma ga baƙo yadi 200 ya wadatar, balle ga hawan tsauni da ke sa numfashi sama-sama.

Ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, idan ka iske ta da sauran rai ka yanka nan take. Idan ta ɓace maka da gani, ka lura da inda take tsaye, ka dakata kamar rabin awa kafin ka bi sawun jini, don kada ka tashe ta daga inda ta kwanta. Ka kuma ce wa ƙanenka ya fara neman maka lasisi da wuri, domin Kolorado na buƙatar shaidar koyon ƙa'idojin farauta ga duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau, kuma za ka sa riga da hula masu launin lemo mai haske domin sauran maharba su hango ka.